Birkin Zabuwa

Ku gafarce ni tun kafin mu yi nisa. Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai na iya, kuma ko keke ban taɓa tuƙawa ba balle mota. Sau uku ina yaga shafin farkon nan ina sakewa. Amma abin a layinmu ya faru, kowa yana ba da shi yadda bakinsa ya ga dama, har na ji wata tana cewa raƙumi ne ya jawo motar gida. Shi ya sa na yi ƙarfin hali. Idan na kira wani ƙarfe da sunan da ba nasa ba, masu gareji su yi mini afuwa.

Malam Ishaku ya yi shekara talatin da ɗaya yana jan kamyon siminti daga Malbaza. Yamai, Maraɗi, Damagaram, Agadas, babu inda bai kai kaya ba, kuma har ya yi ritaya ko akuyar wani bai taɓa takawa ba. Wannan magana ba ya jira a tambaye shi. Ko barkar haihuwa ya je, sai ya san yadda ya yi ya sako ta.

Abin da ya rage masa na tuƙi shi ne Zabuwa. Tsohuwar Fijo ce 505, irin mai GTI rubuce a baya, wadda ya saya hannun wani injiniya da ya gama aiki zai koma ƙasarsu. Launin toka gare ta, da ɗigo-ɗigon fenti duk inda tsatsa ta taɓa aka shafe, daga nan sunan ya fito. Amma ba launin kaɗai ba ne. Idan ta samu miƙaƙƙiyar kwalta tsakanin Tsarnawa da Konni, samari masu sababbin motoci sai dai su ga bayanta yana ƙanƙancewa. Malam Ishaku ba ya ko kallon su. Zaman hularsa kawai yake ɗan gyarawa.

Ranar da abin ya faru cikin bazara ne, rana ta take tsaka. Ta'aziyya za su Badaguishiri, shi da matarsa Zahara'u da maƙwabta uku, ga buhun hatsi biyu a baya. Da suka fara gangaren shiga kwarin sai suka iske wata motar albasa a gabansu tana rarrafe, ga motoci suna ta hawowa, babu damar wucewa. Ya dafa birki ya saki, ya dafa ya saki, haka har kusan gindin gangaren. A nan ne ya taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka ruɓaɓɓen tumatir.

Ya mai da giya ta biyu, ya mai da ta ɗaya, ya ja birkin hannu a hankali, ya karkata dama. Zabuwa ta ratsa dangar wani lambu ta tsaya tsakiyar kabeji. Ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Mai lambun ya taso da faɗa, da ya ga furfura sai ya koma jaje.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, bayan an sha ruwa hankali ya kwanta, Malam Ishaku ya koma ya taka birkin, sai ga shi ya kama daram kamar bai taɓa yin komai ba. Matan da ke wurin suka ce iska ce ta wurin ta shafi motar. Zahara'u dai ta juya wa motar baya. Ta ɗauki jakarta, kuma a motar tasha ta koma gida.

Bayan kwana uku Almoustapha ya zo daga Tawa, inda yake aikin buro, wato ofis. Shi ne ɗan fari, don haka Malam Ishaku bai taɓa kiran sunansa ba. Ya cire takalmi ya zauna gefen tabarma, yana magana yana kallon saƙarta.

"Baba, ba wai na isa in hwaɗa maka abin da za ka yi ba. Amma wagga mota ta girme ni. Kuma Inna na cikinta hwa."

"Ni ma ina cikinta."

"Shi na gani. Baba Yakuba ya ce shina son ƙahwahunta ya yi amalanke da su. In an ba shi, ni in nemo maka 'yar ƙarama ta zamani, wadda..."

"Wadda in ta tsaya sai an kira mai kwamfuta ya yi mata duba?"

Can cikin gida ƙarar wanke-wanke ta tsaya.

Malam Ishaku ya san ba raini ne ya kawo yaron ba. Shi kansa tun ranar nan, duk lokacin da ya tuna, sai ya ji tafin ƙafarsa ta dama ya yi sanyi. Amma da ya hango a ransa ƙafafun Zabuwa ƙarƙashin amalanke, jaki yana ja, an lafta taki za a kai gona, sai ya ji ba zai iya ba.

"Ji nan," ya ce. "Juma'a biyu. Ran nan ka taho ka hau ta da kanka, ka taka birkin da ƙahwarka. In ba ka yarda da shi ba, ni da hannuna zan kai ta wurin Yakuba, in tsaya har ya kunna mata wuta. Kuma ko dala taka ba ta shiga wanga gyara."

Magana ta fita gaban ɗa, uwar ɗan kuma tana ji, ba ta komawa. Washegari ya kwance ragon da yake kiwo ya kai kasuwa. Abin da ragon nan ya kawo, shi ne iyakar abin da Zabuwa za ta samu.

Yakuba mai walda taubashinsa ne, ɗan ƙanwar babansa, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da tsokana ba. Sana'arsa ƙera amalanke, ƙafafun tsofaffin motoci yake sa musu. Da la'asar sai ga shi. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya tsuguna yana auna faɗin motar da ɗani.

"Ƙahwa huɗu, amalanke biyu. Ɗaya ta jaki, ɗaya ta shanu. Kujerun kau in kai shago, in riƙa kishingiɗa ina tuna ka."

"Ɗauke hannunka, maƙerin banza. Wagga mota ta je Agadas ta dawo. Kai ko Konni za ka sai an tsaya ka yi amai."

"Ta je Agadas, ta kasa tsayawa Badaguishiri. An ce har yau mai lambun na neman wanda zai sayi kabeji mai tambarin taya."

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, dariyar ta ɗan lafa.

"Tsakani da Allah, ban son in sa mata wuta. Amma in ka bi ta kan yaran garejin ga, ƙarhe ɗaya bayan ɗaya za su yi ta canza maka har rago ya ƙare. Tahi Illela ka nemi Amadu Mai-Fijo. In shi bai gane ta ba, to tawa ce."

Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan hanya, idan ya ji an haɗa Illela da kayan mota a magana ɗaya, ba ya tambayar wacce. Ta tsallaken iyaka ce, bayan Konni, ta Nijeriya, inda ake samun komai tun daga noti har injin. Da sassafe Malam Ishaku ya bar Zabuwa a gida, ya shiga motar Konni, daga can ya hau kabu-kabu ya tsallaka.

Har azahar yana yawo cikin rumfunan 'yan kayan mota yana tambayar Amadu Mai-Fijo. Aka kai shi wurin Amadu mai taya. Aka kai shi wurin Amadu mai batir. Wani ma ya raka shi har wurin wani Amadu mai shayi, wai ya taɓa yin Fijo a da. Yana tsaye yana sharce gumi sai wani saurayi mai shago, Nafi'u, ya ɗaga masa hannu.

"Alhaji, taho ka huta! Tun ɗazu nike ganin ka kana kai da komowa kamar wanda tunkiya ta ɓace ma."

Ya ba shi benci da ruwan leda. Da ya ji maganar birki ce sai ya tafa hannu ya shige ciki, ya fito rungume da wasu ƙarafa biyu jajaye wur, suna sheƙi.

"Ka zo gida. Wanga shi ne kalifa."

"Halifa? Na wane shehi?"

"Kalifa, Alhaji! Shi ka rungumar faifan ƙahwa ya matse shi. Na motocin tsere ne. Ka sa wanga, ko kan ruwa ka taka sai ta tsaya."

Malam Ishaku ya karɓa ya jinjina. Nauyin ya yi masa daɗi a hannu. Amma da ya ji kuɗin, ya gane ko raguna uku ya kwance ba za su kai ba. Ya ajiye a hankali.

Nafi'u bai karaya ba. Ya sake shiga ya fito da wasu masu kama da na farko, su ma jajaye, sai dai babu nauyi.

"Wanga riga ce ta roba, kan naka tsohon aka sa ta. Daga waje ba mai banbance su. Ga kuma falaket sabo dal." Ya miƙo kwali mai hoton motar tsere da harshen wuta. A ciki akwai 'yan ƙarafan nan masu fata da ke goga faifai su tsai da mota. "Duka biyun, abin da ke aljihunka ya isa har ka sha hura."

Malam Ishaku ya daɗe yana kallon jan robar nan. Ya ga ranar Juma'a a idonsa. Ya ga ɗansa ya tsuguna ya leƙa ta ramukan ƙafa ya ga ja yana walƙiya, ya ga Zahara'u tana leƙe daga ƙofa. Yaron ɗan buro ne, abin da ya gani a fili shi zai yarda da shi. Birkin kuwa ai yana kamawa idan ba a wahal da shi ba. Taki ɗaya, taki biyu, shi ke nan an wuce wurin, Zabuwa ta tsira.

Ya ciro falaket ɗaya daga kwalin. Hannunsa ne ya tafi da kansa, ya zaro makullin mota ya karce fatar. Sai gari ya zubo masa a kan riga. Wanda ya yi shekara talatin yana sauke siminti wurin masu buga bulo ya san irin wannan garin.

"Ɗana, wanga an cika mishi yashi."

Nafi'u ya kalle shi, ya kalli garin, ya fashe da dariya. "Alhaji, ai da ka hwaɗa mini kai na gida ne! Akwai mai kyau, sai dai shi ba shi da hoto." Ya tattara kayansa ba tare da fushi ba. "Wai wa kake ta nema tun sahe?"

"Amadu Mai-Fijo."

"Shekara tara ina kasuwag ga, ban san shi ba." Ya sosa ƙeya. "Alhaji, wanda ya aiko ka, Illelar Amarawa, tamu ta nan, ya ce, ko Illela kawai?"

"Illela ya ce."

"To ai ku ma kuna da taku."

Malam Ishaku ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Illelar Tawa! Mararrabarta da ke Badaguishiri, wadda ya wuce da kamyo sau ɗari nawa, allonta ma ya san inda ya lanƙwashe. Ya ciro waya ya kira Yakuba. Da Yakuba ya ji inda yake, dariya ta hana shi magana, sai haki da tari.

"Direban Agadas! Ƙasa guda ka tsallake kana neman mutumin da ke bayan gidanka! Ka sayo mini tsaraba, don Allah."

Malam Ishaku ya kashe wayar.

Kwana biyu bayan haka ya fito da Zabuwa da sanyin safiya, shi kaɗai, babu kaya. Hanyar Illela ba ta da wata mafita sai ta wannan gangaren. Tun daga sama ya sa giya ta biyu ya bar injin yana riƙe ta, tana gurnani tana sauka, ƙafarsa ko kusa da birki bai kai ba. Mai lambun nan yana ban ruwa ya hango launin toka, ya yar da bokiti ya ruga ya tsaya gaban sabuwar dangarsa ya ware hannuwa. Malam Ishaku ya ɗaga masa hannu ya wuce.

A Illela mutum na farko da ya tambaya ya nuna masa wurin da baki. Bayan tasha ne, ƙarƙashin wata dalbejiya, tsakanin gawarwakin Fijo biyar ko shida. Amadu ɗan tsamurmurin tsoho ne, ya girmi Malam Ishaku, hannuwansa baƙi ƙirin har cikin farce. Ya saurari labarin duka yana zaune kan wata taya, bai katse shi ba sai a ƙarshe.

"Da ta huce, birkin ya dawo?"

"Ya dawo. Mata sun ce iska ce."

"Sun yi gaskiya."

Malam Ishaku ya ɗaure fuska. Bai sayar da rago don a yi masa maganar iskoki ba. Amma Amadu ya riga ya tashi ya ɗaga murfin injin. Bai ko dubi ƙafafu ba. Wani ɗan gwangwanin roba ya buɗe can kusa da gilashi, ya tsoma tsinke, ya ɗiga a kan farar takarda. Abin ya fito baƙi kamar shayin da aka manta a kan gawayi. Ya ɗauko sabuwar kwalba ya ɗiga kusa da shi, wannan kuma garau kamar man gyaɗa.

"Yaushe rabonka da canza man birki?"

"Canzawa? Ai bai taɓa ƙarewa ba. In ya yi ƙasa in ƙara."

"Tun yaushe?"

Malam Ishaku ya lissafa a ransa. Tun ranar da injiniyan nan ya miƙa masa makulli.

"Mi ka tuƙa da?"

"Kamyo. Shekara talatin da ɗaya, ko akuya..."

"Na sani, duk haka kuke. Birkin kamyo na iska ne, ba ruwanku da mai. Kowace sahiya mi kake wa tankin iska kahin ka tashi?"

"In ja zobe in zubar da ruwan da ya taru. Direban da bai yin haka ba direba ba ne."

"To wanga mai shi ma ruwa shika sha, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, kuma ba shi da zoben ja. Ran da ƙarhe ya yi zahi, ruwan ya tahwasa ya zama tururi. Tururi ka taka, Malam. Da ya huce ya koma ruwa, birki ya dawo. Ga iskarka nan."

Malam Ishaku ya zauna a kan tayar da Amadu ya tashi. Shi da ya sha tsai da direbobi a bakin ƙofar kamfani yana yi musu faɗa a kan ruwan tanki, ashe shekara da shekaru yana yawo da ruwa a ƙarƙashin ƙafarsa, da matarsa a gefe. Zabuwa ba ta yi masa komai ba.

Amadu ya bar shi ya huce. Ya cire ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya auna kaurin faifai, ya lanƙwasa tiyon robar da ke kai mai ga kowace ƙafa ya nuna masa yadda ya tsattsage kamar diddigen manomi. Sannan ya tambayi abin da ke aljihu, ya ji, ya gyaɗa kai.

"Hanya biyu ce. Taho ka gani."

Ya kai shi wurin wata gawa da ke can ƙarshe, yayar Zabuwa ce mai babban injin. Faifanta na gaba ya fi kauri, da ramukan shan iska a tsakiya, da manyan ƙarafan matsewa.

"Wanga na gaske ne, ba roba ba, kuma shina shiga taka. In na sa maka shi, rago ya ƙare, sai dai in ƙara maka mai. Tiyo da falaket na baya su zauna yadda suke. Amma kowa ya leƙa ya san an yi aiki." Ya juya ya nuna kwalbar nan. "Ɗayar kau, in zubar da tsohon mai duka in sa sabo mai jure zahi. Tiyo huɗu sabbi. Falaket mai kyau gaba da baya. Faifanka da sauransa, goge shi kawai zan yi. Shi ma rago ya ƙare. Amma ba abin da ido zai gani."

"Kai wanne za ka ɗauka?"

"Ba ragona ba ne."

Malam Ishaku ya tsuguna ya shafa kaurin faifan nan, ya sa ɗan yatsa cikin ramukan. Wallahi ya so shi. Irin abin da ya dace da Zabuwa ke nan, irin wanda zai rufe bakin Yakuba tun kafin a tada mota. Amma ya tuna wani kamyo da ya taɓa gani kwance a gefen hanyar Dogon Dutsi, sabo fil, gangunan birkinsa kamar turmi, tiyon iska ɗaya ne ya fashe. Girman ƙarfe bai yi masa komai ba, tunda saƙon ƙafa bai isa gare shi ba.

Ya miƙe. "Sa mai da tiyo da falaket. Wanga kau ka rufe mini shi da buhu, ko Allah ya kawo wani rago."

Wuni guda aka yi. Da aka zo fitar da tsohon man, Amadu ya kwanta ƙarƙashi ya sa Malam Ishaku a kujerar direba. "Taka! Riƙe! Saki! Na ce riƙe, Malam, ko ƙahwar ta tsuhwa?" Rabon da wani ya ɗaga masa murya haka tun yana saurayi, amma ya taka, ya riƙe, ya saki, har baƙin ruwan da ke zuba cikin kwalba ya koma garau. A hankali ya ji matakin yana ƙara tauri a ƙarƙashin ƙafarsa, yana tsayawa sama inda ya manta ya taɓa tsayawa.

Da zai tafi Amadu ya dafa ƙofa. "Sabon falaket bai san faifai ba tukuna. In ka samu hanya babu kowa, ka ba ta wuta, ka taka sosai har ta kusa tsayawa, ka sake ba ta wuta. Sau goma. Kada ka tsaya cak. Daga nan ka bar ta ta sha iska."

Haka ya yi bayan ya wuce mararrabar Tajaye. Abin da bai sani ba, wani direban tasha na Malbaza yana can baya nesa yana kallon Zabuwa tana zabura tana durƙushewa, tana zabura tana durƙushewa. Kafin Malam Ishaku ya iso gida labari ya riga shi: gyara ya ɓaci, yanzu birkin da kansa yake kamawa.

Shi ya sa ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, kusan duk layinmu ya fito bakin kwalta. Yakuba ya zo da sufana a aljihun babbar riga, yana ɗan fito da kanta don a gani. Almoustapha ya zagaya motar, ya tsuguna ya leƙa ƙafar gaba, ya leƙa ta baya. Ya miƙe fuskarsa a sanyaye.

"Baba, mi anka canza?"

"Hau."

Ya hau, uban ya zauna a gefe. Suka miƙe hanya, allurar gudu ta hau, Malam Ishaku ya ce, "Taka." Almoustapha ya taka. Zabuwa ta dafe ƙasa a miƙe, ko karkata ba ta yi ba, wayar da ke aljihun rigarsa ta yi tsalle ta faɗa tsakanin ƙafafunsa. Ya sauke numfashi, murmushi ya kufce masa.

"Ya kama, Baba. Wallahi na yarda."

Malam Ishaku ya dube shi. Ya ga yaron so yake ya yarda, tun daga Tawa yake addu'ar a ba shi dalili. Da ya ce to, an gama.

"Ran nan ma na hwarko ya kama. Juya mu koma."

Suka koma wurin jama'a. Ya leƙo ta taga. "Kai maƙeri, shigo. Kai kaɗai ka yi buhu biyu." Ya ƙara da maƙwabta biyu masu jiki, har bayan motar ya zauna. Rana kuwa tana dukan kwalta kamar ta ranar nan.

Suka yi na biyu, suka yi na uku. A na biyar Yakuba ya daina ba'a ya riƙe kujerar gaba da hannu biyu. A na takwas warin ƙarfe mai zafi ya cika motar, gumi ya jiƙa rigar Almoustapha har baya.

"Ƙahwarka ina ta tsaya?"

"Inda ta tsaya da hwarko."

"Sake."

A na goma sha biyu suka tsaya daidai gaban mutane, zafi yana tashi daga ƙafafun har ana ganin iska tana rawa. Almoustapha ya bar ƙafarsa a kan matakin, yana dannawa da ƙarfi kamar mai neman ya kama shi da ƙarya. Matakin bai motsa ba. Ya kashe injin, ya zare makulli, ya miƙa wa ubansa da hannu biyu.

Malam Ishaku ya fito ya gyara zaman hularsa. Bai yi ƙasa da murya ba.

"Laihin nawa ne, ba nata ba. Mai ne ban canza ba. Duk mai mota cikinku ya je ya duba nashi."

Yakuba ya fito da ƙyar yana dafa cinya. "Na hwasa. Jakin da za a ɗaura wa ƙahwahun ga sai ya karye."

Ana cikin dariya sai aka ga mutane suna darewa. Zahara'u ce, da mayafinta na fita da jaka a hannu. Ta zo ta tsaya jikin ƙofar gaba.

"Malam, ran nan cikin kabejin mutane na yi rantsuwa a raina ban ƙara shiga wagga mota. Miskinai goma za a ciyar, kuma daga rumbunka hatsin zai hito. Buɗe mini, gaisuwar da munka je ban yi ta da hankalina ba."

Ya zagaya da kansa ya buɗe mata. Jama'a suka rufe motar, masu taɓa ƙafafu suna janye hannu don zafi, masu tambayar wace Illela suna tambaya.

Ni ma a nan zan tsaya. Bari in rufe littafina in bi ta bayan katanga tun hankalin kowa yana kan Zabuwa, kafin wani ya waiwayo ya ce 'yar gidan wa ce wannan.